Filash, Had-dis, SSD ko Ma'ajiyar Intanet: Ina Ya Fi Dacewa Ka Ajiye Kwafin Fayilolinka?

Allon laftof in ya fashe ana canja shi, batir in ya mutu ana sayen wani. Amma furojet ɗin ɗalibi na shekarar ƙarshe, ko lissafin bashin shago na shekara biyar, ko hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, waɗannan ba a sayar da su a kasuwa. Duk fayil ɗin da yake wuri ɗaya tak, ranar ɓacewarsa kawai ake jira. Wuraren da mai kwamfuta zai iya ajiye kwafi na biyu guda huɗu ne: filash, had-dis na waje wanda 'yan kasuwa ke kira eksitanal, SSD na waje (ma'ajiya mai sauri da ke aikin had-dis amma ba faifai mai juyawa a cikinta), sai ma'ajiyar intanet irin su Google Drive da OneDrive. Kowanne yana da irin tasa mutuwar, kuma sanin yadda abu yake mutuwa shi ne zai nuna maka abin da ya kamata ka damƙa masa.

Abin da ke cikin filash da SSD

Filash, katin memori na waya da SSD duk 'yan gida ɗaya ne. Fasahar ta fito daga kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980, a hannun wani injiniya mai suna Fujio Masuoka. Babu abin da ke motsi a cikinsu. Akwai biliyoyin 'yan ƙananan ɗakuna, kowanne ana tura masa cajin lantarki a rufe shi da wani siririn bango mai hana cajin fita. Yawan cajin da ke ɗakin shi ne bayanin da aka ajiye. A da ɗaki ɗaya ko dai cike ne ko babu komai, wato matsayi biyu kacal, bambance su ba wuya. Don a rage tsada sai aka koma cusa bayanai da yawa a ɗaki ɗaya: nau'in TLC yana da matakan caji 8, nau'in QLC kuma 16. Idan matakai 16 ne a ɗan ƙaramin ɗaki, caji kaɗan ya zurare sai na'ura ta karanta wani abu daban da wanda aka rubuta.

Cajin kuwa yana zurarewa, kamar ruwa a sabuwar randa, a hankali ba tare da an gani ba. Abu biyu ke gaggauta shi. Na farko yawan rubutu da gogewa, domin duk gogewa tana cin bangon nan. Na biyu zafi. Ƙa'idar da hukumar JEDEC ta gindaya wa masu ƙera SSD na amfanin gida ita ce, ko da ya cinye adadin rubutun da aka ƙayyade masa, ya riƙe bayanai shekara 1 ba wuta a zafin digiri 30. Sabon SSD yana wuce haka nesa ba kusa ba, amma a lura da digiri 30 ɗin nan. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka ajiye a rana kuma kan wuce 60. Filash ɗin da aka jefa a aljihun mota ko a durowa ƙarƙashin rufin kwano ba ya cikin yanayin da aka yi masa lissafi.

Bambancin filash da SSD a inganci yake. SSD yana da ƙwaƙwalwa mai kyau da ke rarraba rubutu daidai a kan dukkan ɗakuna, tana gyara kurakurai, tana kuma ware ɗakunan da suka gaji. Filash mai araha galibi da guntayen da ba su kai na SSD inganci ba ake haɗa shi, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta da wannan ƙwarewa.

Filash ɗan aike ne

Aikin filash shi ne ɗaukar takarda daga kwamfutarka zuwa wurin buga takardu. Matsalar tana faruwa ne idan aka mayar da ɗan aike ma'aji.

Babbar damuwa a kasuwanninmu ita ce jabu. Ana ɗaukar guntu mai giga 8 a sauya bayanin da ƙwaƙwalwarsa ke ba kwamfuta, sai ya riƙa nuna giga 128. Ka zuba fayiloli, sunayensu duk su bayyana lafiya lau. Da zarar ka wuce giga 8 na gaskiya, sabon abu ya hau kan tsoho ko ya tafi inda babu komai, ranar da ka zo buɗewa ka tarar da bidiyo ba ya tashi, takarda ta koma shirme. Gwajin da ke tona wannan asiri manhaja ce kyauta mai suna H2testw: tana cika filash ɗin da bayanai daga farko har ƙarshe, sannan ta karanta ta gani ko abin da ta rubuta yana nan. A yi gwajin filash yana wayam, ranar da aka saya, kafin mai shago ya manta fuskarka. Yakan ɗauki sa'a ɗaya ko fiye, gwargwadon girma. Amma kada a rikita wannan da ragin da ake gani a kaya na gaskiya. Had-dis mai tera 1 yana nuna giga 931 a Windows, saboda masu ƙerawa da 1000 suke lissafi, Windows kuma da 1024. Wannan ba cuta ba ce.

Sai bairos ɗin nan da kowa ya sani, mai mayar da foldoji gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya, wanda ake kwasowa a kwamfutocin kafe da na wuraren buga takardu. Yawanci bai goge komai ba, ɓoyewa ya yi. Kada a danna waɗannan masu kibiyar, domin dannawar ce ke kunna shi a kwamfutarka. A fara binciken filash ɗin da Windows Security, sannan a buɗe Command Prompt a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* a sauya E da harafin da filash ɗin ya samu. Foldojin za su dawo, a kwashe su, a yi wa filash ɗin fomat, wato a share komai da ke kansa. Dabarar da ta fi ita ce ware filash ɗaya ƙarami domin yawon waje, kada a taɓa ajiye wani abu mai muhimmanci a kansa.

Idan filash mai sarari ya ƙi karɓar fayil ɗin da ya haura giga 4, tsarin FAT32 ne a kansa. A kwashe abin da ke ciki a yi masa fomat da exFAT, wanda Windows da Mac duk suna karantawa.

Had-dis: mai araha, mai tsoron faɗuwa

Shi wannan da maganaɗisu yake aiki. A cikinsa akwai faifai mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, da wani ɗan hannu mai kai da ke shawagi a samansa yana rubutu da karatu. Kan ba ya taɓa faifan. Iskar da juyawar ke haifarwa ce ke ɗauke da shi, a tazarar 'yan nanomita kaɗan, alhali kaurin gashin mutum dubban nanomita ne masu yawa. Had-dis na farko da IBM ya fitar a 1956 faifai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, duka-duka abin da yake ɗauka bai wuce mega 5 ba, wato hoto ɗaya ko biyu na wayar yau.

Wannan tazara ita ce ke bayyana duk halayensa. Idan ya faɗo daga tebur yana cikin aiki, kan zai daki faifan ya kankare wurin. Idan aka buɗe shi a ɗaki, ƙwayar ƙura guda ta hunturu a wurinsa dutse ce. Shi ya sa duk mai gyaran da ya ɗauko sukundireba zai buɗe had-dis a kan teburin shago, a karɓe kayan a yi gaba. Amma kuma maganaɗisu ba ya zurarewa kamar caji, don haka had-dis da aka ajiye a wuri mai sanyi da bushewa ya fi filash riƙe amana na tsawon shekaru ba wuta. Ga araha: kuɗin da zai sayi SSD mai tera 1 yakan sayi had-dis mai girma fiye da haka sosai. Ga mai tarin bidiyo da hotuna, babu na biyunsa.

Iri biyu ne a kasuwa. Ƙaramin, mai inci 2.5, daga kebul ɗin USB yake shan wuta. Babban, mai inci 3.5, yana da tasa adafta da ake sakawa a soket. A wurin da ake ɗauke wuta ba sallama kuma ake sauyawa zuwa janareto, ƙaramin ya fi, domin batirin laftof ya zame masa kariya. Babban in wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu, fayil ɗin ya lalace, wani lokacin har da teburin da ke nuna inda kowane fayil yake. Wanda zai yi amfani da babban sai ya haɗa shi da UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke.

Wasu eksitanal masu araha da ake samu, tsohon had-dis ne da aka ciro daga laftof aka saka a sabon gida. Ba laifi ba ne in an faɗa maka gaskiya kuma an gwada a gabanka. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana karanta rahoton lafiyar da had-dis ke rubuta wa kansa. A duba awannin da ya yi yana aiki: shekara guda cur ba kashewa awa 8,760 ce, don haka mai awa 25,000 ya sha wuya. Sannan a duba layuka uku masu lamba 05, C5 da C6, waɗanda ke ƙirga wuraren da suka lalace ko suke shirin lalacewa. A had-dis na ajiya ana son ainihin adadinsu ya zama sifili. In manhajar ta nuna ruwan ɗorawa a maimakon shuɗi, a bar shi komai arahar sa.

Had-dis yana da wani alheri: sau da yawa yakan yi jinya kafin ya mutu. Kwafi ya riƙa tsayawa, folda ta daɗe ba ta buɗe ba, ko a ji ƙara ƙas-ƙas. Wani lokacin kebul ne ko ƙarancin wuta daga kafar USB, don haka a gwada wani kebul da wata kafa sau ɗaya. In ƙarar ta ci gaba a cire shi nan take, domin kowane juyi ƙara kankare faifan yake. In kuma har yanzu yana buɗewa, a fara kwashe mafi muhimmanci, ba a fara da fina-finai ba. Idan Windows ta ce sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi, kada a yarda. Manhaja irin PhotoRec takan ciro fayiloli daga irin wannan, da sharaɗin a zuba abin da aka ciro a wani faifai daban. Maganar saka shi a firiza kuwa, raɓa kawai za ta jawo masa.

SSD: sauri, da mutuwar fuju'a

A wajen sauri babu gasa. Kwafin giga 500 zuwa ƙaramin had-dis ta kafar USB 3.0, a kan mega 110 a daƙiƙa, zai ci kusan awa 1 da minti 15. SSD a gidan USB 3.0 zai gama cikin minti 20 ko kusa da haka. In kuwa aka saka ko wanne a tsohuwar kafar USB 2.0, wadda ba ta wuce mega 30 zuwa 35 a aikace, sai an yi fiye da awa 4. Kafar 3.0 galibi shuɗin harshe gare ta ko alamar SS a gefe, kuma laftof da yawa suna da iri biyun a jikinsu. SSD kuma ba ya tsoron girgiza, wanda ke yawo da kayan aikinsa a jaka a kan babur ya san darajar wannan.

Illarsa biyu. Yakan mutu ba jinya: jiya lafiya, yau kwamfuta ba ta ganinsa sam, saboda ƙwaƙwalwarsa ta tsaya, kuma ciro bayanai daga irin wannan ya fi na had-dis wuya da tsada. Na biyu, SSD da ke cikin kwamfuta yana aiki da wani umarni mai suna TRIM, wanda ke share ɗakunan fayil ɗin da aka goge ba da daɗewa ba. A had-dis, abin da ka goge bisa kuskure yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. A SSD, in ka zubar da kwandon shara, yawanci shi ke nan. Wanda ya sauya wa tsohuwar laftof ɗinsa SSD ya yi dabara, domin babu gyaran da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamarsa, sai dai buƙatarsa ta kwafi na biyu ta ƙaru. Tsohon had-dis ɗin da aka ciro, in rahoton lafiyarsa mai kyau ne, a saya masa gida na USB ya zama wurin ajiya. Wannan ita ce hanya mafi araha ta samun eksitanal.

Ma'ajiyar intanet

Ita kaɗai ce ɓarawo, gobara ko ambaliya ba za su haɗa da laftof su tafi da ita ba. Eksitanal da ke jaka ɗaya da kwamfuta, rana ɗaya za a sace su. Google yana ba da giga 15 kyauta, amma rabawa ake tsakanin Gmail, Drive da Google Photos, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a ciki take ci. OneDrive giga 5 ne, iCloud ma 5, Dropbox 2. Ga takardu wannan ya isa har ya yi yawa: furojet, takardun shaida da aka yi wa sikanin, da lissafin shago na shekaru da wuya su cika giga 2. Ga bidiyo kuwa lissafin ba ya fita. Tura giga 100 a kan saurin megabit 5 a daƙiƙa zai ci kusan awa 44 ba yankewa, ban da kuɗin data, ban da kuɗin wata-wata na ƙarin wuri.

Akwai kuskuren fahimta da ke cin mutane. Manhajar Drive ko OneDrive da ke kan kwamfuta madubi ce: ka goge a nan, ta goge a can, fayil ya lalace a nan, lalataccen ya hau can. Abin da ke ceto shi ne kwandon shararsu, wanda ke riƙe abin da aka goge kwana 30, da kuma tsofaffin kwafin fayil da suke adanawa na wani lokaci. Wanda bai lura ba sai bayan wata biyu, ya makara.

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne rasa asusun kansa. Mutum ya buɗe Gmail a shagon waya, wani ya zaɓa masa kalmar sirri, lambar da aka yi rajista da ita kuma ta ɓace har kamfanin waya ya sake sayar da layin ga wani. Ranar da waya ta lalace, ba kalmar sirri, ba layi, ba hanyar shiga. Maganin wannan minti goma ne: a tabbatar lambar waya da imel na farfaɗowa naka ne kuma suna aiki, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sauke lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa a rubuta su a takarda a ajiye tare da takardun gida. A kuma riƙa leƙa asusun, domin tun Disamba 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Kwafin da ba ya jone

A Mayu 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Irinsa na garkuwa da fayiloli ne: ya kulle komai da mabuɗin da babu mai shi sai maharan, su nemi kuɗin fansa. A wajenmu hanyar da irin waɗannan suka fi shigowa ita ce manhajojin sata da 'yan kayan da ake saukewa don buɗe su. Abin lura shi ne bairos ɗin ba ya tsayawa a faifan cikin kwamfuta, duk abin da ke jone a lokacin sai ya bi ta kansa. Eksitanal da ke maƙale da laftof dare da rana tare za a kulle su. Don haka a jona, a kwafa, a cire ta hanyar alamar cirewa da ke kusa da agogo, a jira fitilarsa ta daina ƙiftawa, a mayar da shi durowa.

Idan akwai sirri a ciki, kamar bayanan marasa lafiya ko na abokan ciniki, Windows Pro tana da BitLocker To Go mai kulle eksitanal da kalmar sirri, masu Windows Home kuma za su iya amfani da VeraCrypt ko su matse foldar da 7-Zip su sa mata kalmar sirri. Sai dai wannan wuƙa ce mai kaifi biyu. BitLocker yana ba da mabuɗin farfaɗowa mai lambobi 48; wanda ya rasa shi ya kuma manta kalmar sirrinsa, babu mai gyaran da zai buɗe masa. A buga shi a takarda, kuma kada a ajiye shi a cikin faifan da aka kulle.

To wanne za a saya?

Ɗalibi, malami ko ɗan kasuwar da abinsa takardu ne, ba sai ya kashe ko sisi ba tukuna. Ya buɗe folda ɗaya ya tara duk muhimman takardu a ciki, ya haɗa ta da Drive ko OneDrive, ya gyara tsaron asusunsa. Mai rubuta furojet ya riƙa ajiye kwafi da kwanan wata a sunan fayil duk ƙarshen mako, domin in na yau ya lalace na makon jiya yana nan.

Mai hotuna da bidiyon iyali da suka kai ɗaruruwan giga, ƙaramin had-dis sabo mai tera 1 ko 2 ya fi masa, wanda girmansa ya ninka abin da yake da shi yanzu. Zaɓaɓɓun hotunan da ba za a jure rashinsu ba su hau intanet su ma.

Mai ɗaukar hoto ko bidiyon biki, wanda amanar mutane ke hannunsa, yana buƙatar SSD na waje don aikin yau da kullum saboda sauri da jure yawo, da had-dis biyu don ajiya, ɗaya a shago ɗaya a gida. Kada ya goge katin kyamara sai aikin ya sauka a wuri biyu. Tsohuwar ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kwafi 3, a kan na'ura iri 2, guda 1 a wani gini daban.

Kowanne aka zaɓa, a riƙa jona shi aƙalla duk wata uku ana buɗe wasu fayiloli daga tsofaffin foldoji, hoto nan, takarda can, bidiyo a ja shi zuwa tsakiya a ga yana tafiya. A duba CrystalDiskInfo a lokacin. Had-dis da ya kai shekara 5 yana aiki, ko wanda layin 05 ko C5 nasa ya tashi daga sifili, a sayi magajinsa a kwashe tun yana iya karantuwa.